Cigiyar Jiragen Jet Na Farko: Takwas Suka Rage

A birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, cikin gidan tarihin soja da ke maƙwabtaka da gidan namun daji, akwai wani jirgin saman yaƙi mai kujera biyu, an rubuta masa lamba 8 da jan fenti a gefe, ga kuma wasu siraran ƙarafa sun fito masa a hanci sai ka ce ƙahon barewa. Wanda bai sani ba zai iya wuce shi ya tafi kallon igwa da tankoki. Alhali kuwa duk faɗin duniya babu irinsa na biyu, kuma duk faɗin Afirka shi kaɗai ne ɗan gidansu. Sunan gidan nasu Messerschmitt Me 262, jirgin da Jamus ta ƙera a yaƙin duniya na biyu, wanda shi ne jirgin farauta mai injin jet na farko da ya shiga fagen fama. Ƙarafan hancin na na'urar rada ne, domin an shirya shi ne ya farauci jiragen Ingila cikin dare a sararin Barlin. Sojojin Ingila suka same shi a Schleswig da ke arewacin Jamus bayan ƙarewar yaƙi, suka gwada shi, sannan a 1947 aka ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Kudu. Lambarsa ta masana'anta 110305.

Wannan lamba ita ce maganar filin nan a wannan mako. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko mota daga Kwatano ya san ƴan duwan ba ruwansu da launin fenti ko kyan kujeru: lambar shasi suke dubawa, su gwada ta da wadda ke cikin takarda. In sun dace, mota ta wuce. In ba su dace ba, to, sai dogon zama. Masu cigiyar tsofaffin jiragen jet sun shafe shekaru da dama suna irin wannan aiki na ƴan duwan, sai dai su motocinsu ba su kai goma ba, takardun kuma yaƙi ya ƙone wasu, ya watsa wasu.

Jirgin ya fara tashi da injinan jet zalla ranar 18 ga Yuli 1942 a Leipheim, matuƙin gwaji Fritz Wendel na riƙe da shi, amma bai shiga yaƙi ba sai 1944. Gudunsa ya kai kilomita 870 a awa, ya zarce jiragen farfela na Amurka da Ingila da fiye da kilomita 100, yana kuma ɗauke da bindigogi huɗu masu faɗin baki milimita 30. Rauninsa na cikin inji. Jamus ta rasa ma'adinan da ke sa ƙarfe ya jure zafi, irin su nikel da kurom, sabili da haka injin Jumo 004 ba ya wuce awa 10 zuwa 25 yana aiki kafin a sauke shi. An ƙera kusan 1.400, amma mafi yawansu ba su taɓa ganin abokin gaba a sama ba: wasu bom ya same su a ƙasa, wasu babu mai, wasu babu inji, wasu babu matuƙi. Da yaƙi ya ƙare a watan Mayu 1945, aka iske su birjik a bakin dazuzzuka da gefen manyan tituna, inda ake ɓoye su. Waɗanda suka ci yaƙi suka tsinci masu lafiya, sauran aka narkar.

Waɗanda aka tsinta ɗin ma ba don tarihi aka tsince su ba, don a saci basira ne. Da zarar injiniyoyi sun auna abin da za su auna, jirgi ya zama tsohon ƙarfe mai cin wuri. Faransa ta samu nata, ta gwada su a Brétigny kusa da Paris, yau ko ɗaya bai rage ba. Rasha ma ta samu, haka nan. Abin da ya tsira cikakke daga ƙirar Jamus takwas ne: huɗu a Amurka, ɗaya a Ingila, ɗaya a Jamus, ɗaya a Ostiraliya, sai na Johannesburg.

To, ina wahalar take, tunda takwas ne kacal? Wahalar na wajen lambar. Kowane jirgi na da lambar masana'anta mai harufa shida, kamar yadda ma'aikacin gwamnati ke da lambarsa da ba ta sakewa ko an yi masa canjin wurin aiki sau goma. Sai dai Jamusawa sukan rubuta ta ne da fenti a jikin jela, fenti kuwa goga ɗaya ke shafe shi. Bugu da ƙari, saboda ruwan bama-bamai an rarraba aikin ƙirar wurare barkatai: gangar jiki a wani gari, fukafukai a wani, hanci da jela a wani, sannan a harhaɗa a wata rumfa cikin daji. Kowane sashe na zuwa da ɗan allon ƙarfensa mai ɗauke da lambar wanda ya ƙera shi, wadda ba ita ce lambar jirgin ba. Mai bincike in bai yi hattara ba sai ya karanta lambar fiffike ya ce ya gano jirgi. Lambobin kansu ma ba a jere suke ba, an bar giɓi da gangan tsakaninsu don kada masu leƙen asiri su ƙirga yawan abin da ake ƙerawa. Kada mai karatu ya ga 500071 ya zaci an ƙera rabin miliyan. Abin da lambar ke nunawa shi ne gida: masu farawa da 500 da 501 na ɓangaren Regensburg ne, masu farawa da 110 zuwa 112 kuwa na ɓangaren Augsburg.

Shi 500071 ɗin shi ne mafi tsabtar dosiye cikin takwas ɗin. Ranar 25 ga Afrilu 1945, saura kwanaki kaɗan Jamus ta miƙa wuya, wani matashin matuƙi mai suna Hans-Guido Mutke ya sauka da shi a Dübendorf kusa da Zurik, cikin ƙasar Suwis wadda ba ta shiga yaƙi ba, mai ya kusa ƙare masa. Mutanen Suwis suka tsare jirgi da matuƙi, suka bincika jirgin ciki da bai, suka rubuta komai, suka adana shi a rufe. A 1957 suka miƙa shi ga gidan tarihin kimiyya na Munik. Hannu biyu kawai ya bi, kuma kowane hannu ya bar takarda. Babu wanda ya taɓa musun ko wane ne shi. (Mutke ya zama likita daga baya, ya kuma yi ta cewa shi ya riga kowa zarce gudun sauti a irin wannan jirgi a Afrilu 1945, masana da yawa ba su gamsu ba, amma wannan wata shari'a ce dabam.)

A Amurka ne aka yi dambarwa. Rundunar sojan samanta ta tura Kanal Harold Watson da ƴan matuƙa da makanikai zuwa filin jirgin Lechfeld kusa da Augsburg, su tattara abin da zai iya tashi. Da taimakon wasu ma'aikatan Messerschmitt suka gyara kimanin goma, suna ciro inji daga wannan, ƙafa daga wancan. Sojojin da suka fara isa suka shafe tambarin Jamus, suka raɗa wa jiragen sunayen matansu da ƴaƴansu da ƴan matansu. Matuƙan Watson da suka karɓa suka goge waɗannan sunaye suka sa nasu, aka kuma ba jiragen sababbin lambobi irin su 444 da 888. Aka tuƙa su zuwa Cherbourg a gaɓar Faransa, aka loda su a jirgin ruwan Ingila mai suna Reaper cikin Yuli 1945. Da suka isa Amurka, sojan sama ya ba nasa kason lambobi masu farawa da FE, daga baya aka mai da su T2, sojan ruwa kuma ya ba nasa kason wasu lambobin dabam. Jirgi ɗaya, suna biyu, lamba huɗu, cikin shekara ɗaya. Kuma da aka zo nuna su ga jama'a a bukukuwan nasara, sai aka sake shafa musu tambarin Jamus na bogi, wani lokaci da launin da Jamusawa ba su taɓa amfani da shi ba.

Abin bai tsaya ga fenti ba, har musayar gaɓoɓi aka yi. Cikin jiragen akwai biyu da ya kamata a riƙe: FE-111, wanda jirgin farauta ne mai hancin bindigogi, da FE-4012, wanda na ɗaukar hoto ne, hancinsa na da ƙusumbi biyu inda kyamarori ke zama. Injiniyoyi na son gwada FE-4012 da sabon jirgin jet na Amurka, wato Lockheed P-80, ƙusumbin nan kuwa na rage gudu. Sai suka kwance hancin wannan suka ɗaura wa wancan. Daga ranar nan, mai farauta ya koma kama da mai hoto, mai hoto ya koma kama da mai farauta, kuma duk wanda ya ɗauki hotonsu bayan haka ya ɗauki ƙarya ba tare da ya sani ba.

FE-111 ya faɗa hannun babban gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, ya yi kusan shekara talatin a ajiye, sai a 1978 aka fara gyaransa. Aikin ya ci awa fiye da 6.000, mafi yawa wajen yaƙi da tsatsa a inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe. Masu gyaran suka riƙa goge fenti a hankali, shafi bayan shafi, kamar mai ɓare albasa: na Amurka na baya, na Amurka na farko, har suka kai ga na asali. A can ƙasa suka iske lamba 7 da rawayan fenti da alamomin runduna ta JG 7. Jirgin shi ne 500491, wanda matuƙi Heinz Arnold ya yi aiki da shi. Suka cire ƙusumbin hancin, suka mai da shi kamanninsa na farko.

Ɗan uwan musayar tasa ya fi shan wuya. An gwada shi a 1946, injinan na ta mutuwa, aka haƙura bayan ƴan tashi kaɗan. Ya bi ta kamfanin Hughes, ya ƙare a wata makarantar koyon gyaran jirage a Kaliforniya, ɗalibai na koyon kwance ƙusa a jikinsa. Saura ƙiris a kai shi wurin masu narka ƙarfe wani mutum mai suna Ed Maloney ya cece shi cikin shekarun 1950, ya sa shi a gidan tarihinsa na Planes of Fame. A nan ya yi shekaru da dama da lamba 111617 a jela, littattafai suka kwafa, masu zane suka kwafa, masu ƙera ƴan jiragen wasa suka kwafa. A shekara ta 2000 attajirin nan Paul Allen, ɗaya daga cikin biyun da suka kafa Microsoft, ya saye shi, ya sa aka wargaza shi ƙusa-ƙusa don a gyara. Da aka shiga cikinsa, inda goga ba ta taɓa kaiwa ba, sai ga lambar gaskiya: 500453. Wato ba ma ɗan gidan Augsburg ba ne kamar yadda lambar bogin ke nunawa, ɗan Regensburg ne. Shekara kusan hamsin ana kiran mutum da sunan wani, har da garin haihuwar wani.

Yadda masu binciken ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba aikin mai gaggawa ba ne. Shaida ta farko jikin jirgin: ma'aikatan masana'anta sukan rubuta ƙarshen lambar da fensir ko alli ko fenti a cikin murafe da ƙofofi, don kada a ruɗa kayan wannan da na wancan a wurin harhaɗawa. In lamba ɗaya ta maimaitu a wurare biyar masu nisa da juna, ta fi allon ƙarfe guda ƙarfi. Shaida ta biyu hotuna. Ana fesa wa jiragen fentin ɓad-da-kama da hannu, ba jirgi biyu da dabbare-dabbarensu suka zo ɗaya, kamar zanen yatsa. Mai bincike zai ɗauki hoton da wani soja ya ɗauka a Lechfeld a 1945, ya gwada shi da wanda aka ɗauka a kan jirgin ruwa, da wanda aka ɗauka a Amurka, yana bin tabo guda ko lotsawa guda daga hoto zuwa hoto. Shaida ta uku takardu: littafin tashi na matuƙa, rajistar asarar runduna, takardar lodi ta jirgin ruwa. Wani Bature ɗan Ingila, Phil Butler, ya tattara irin wannan aiki a littafinsa War Prizes na 1994, inda ya bi sawun jiragen ganima ɗaya bayan ɗaya. Duk ma'aikacin biro da ya taɓa neman takardar haihuwar wani a rajistar da gara ta ci, ya san irin haƙurin da ake nufi. Kuma ƙa'idar ɗaya ce: sai shaidun uku sun haɗu. Abin da ya fi ɓata binciken ba rashin takarda ba ne, littafi ne da ya kwafi kuskuren littafi, har kuskuren ya yi jikoki.

Nan ne na Ostiraliya ya yi fice. Lambarsa 500200, jirgin jefa bom ne na runduna ta KG 51, ana masa laƙabi da Baƙin X saboda harafin da ke jikinsa. Ingila ta gwada shi, ta aika da shi Ostiraliya, yau yana gidan tunawa da yaƙi na Canberra. Ba shi da sheƙi, duk ya koɗe, kuma ana ganin ragowar alamomin Ingila da na Jamus a jikinsa. Amma cikin takwas ɗin shi ne ke riƙe da fentinsa na lokacin yaƙi, kuma masu kula da shi sun ƙi yarda a shafe. Hukuncinsu ya yi daidai. Jikinsa na nuna yadda Jamus ta ƙare: fenti siriri an fesa cikin sauri, ana hango ƙarfe da liƙin gaɓoɓi ta ƙarƙashinsa. Gyara mai kyau kan faranta ran mai kallo, amma yakan share shaida, kuma gidajen tarihi da dama sun yi wannan ɓarna a shekarun baya da kyakkyawar niyya.

Sauran ukun ba sai an daɗe a kansu ba. Na gidan tarihin sojan saman Ingila 112372 ne. Na Dayton a jihar Ohio 501232 ne, ya fito daga kason sojan ruwa. Na Pensacola a jihar Florida 110639 ne, mai kujera biyu na koyar da matuƙa, kuma shi ne ya haifi wata sabuwar rigima.

Ya yi shekaru a waje, rana da ruwa da ƙanƙara na dukansa a sansanin Willow Grove. A farkon shekarun 1990 wani matuƙi mai suna Steve Snyder ya yi ciniki da sojan ruwa: a ba shi jirgin ya wargaza ya auna kowane sashe, shi kuma ya gyara musu shi kyauta. Da ma'aunin nan aka ƙera sababbi guda biyar, aka fara a Texas a 1993, aka ƙarasa a Everett da ke jihar Washinton, aka sa musu injinan General Electric a maimakon Jumo mai gajeren kwana. Na farkonsu ya tashi a Disamba 2002, Snyder bai gani ba, ya rasu a haɗarin jirgi a 1999. Gidauniyar Messerschmitt ta ba su lambobi 501241 zuwa 501245, ci gaba daga jerin lokacin yaƙi. To, ga tambaya ga ƴan duwan: jirgi mai lambar gida ta halal, wanda aka ƙera a Amurka shekara hamsin bayan yaƙi, ɗan gida ne ko baƙo? A ƙirga su kuma da na Cekoslobakiya. Bayan yaƙi kamfanin Avia ya harhaɗa guda 12 daga kayan da Jamusawa suka bari a ƙasar, tara masu kujera ɗaya, uku masu biyu, ya sa musu suna S-92 da CS-92. Biyu na nan a gidan tarihin Kbely na birnin Prag. Ƙarfen na Jamus ne, hannun na Cek. Wannan ne ya sa in an tambayi mutum uku nawa suka rage, ɗaya zai ce takwas, ɗaya goma, ɗaya ya haɗa da wanda aka harhaɗa daga tarkace a Jamus ya ce sha ɗaya. Duk wanda ka ga yana tashi a bikin jirage yau, na sabuwar ƙira ne.

Ɗan kasuwa zai ce ai maganar kuɗi ce, kuma yana da gaskiyarsa: tsakanin kaya na asali mai takarda da kwaikwayo akwai rata mai faɗi, ko a kasuwar jirage ko a ta agogo. Amma lambar na kai wa ga wani wurin da kuɗi ba su shiga. In an san gidan da jirgi ya fito da watan da aka gama shi, an san hannun da ya ƙera shi. A ƙarshen yaƙi wannan hannu sau da yawa na fursuna ne. A St. Georgen da ke ƙasar Otirish an haƙa manyan ramuka cikin dutse, aka sa musu suna Bergkristall, inda fursunonin sansanin Gusen ke ƙera gangar jikin Me 262 dare da rana cikin yunwa da duka, kuma dubbai sun mutu a wurin. A Leonberg kusa da Stuttgart fursunoni ne ke haɗa fukafukai cikin ramin babban titi. Ɓangaren Regensburg, mai lambobin 500 da 501, shi ne ke da alaƙa ta kai tsaye da Gusen, kuma biyar daga cikin takwas ɗin da suka rage lambobinsu daga nan suke. Allon da ke gaban jirgi a gidan tarihi yakan faɗi gudunsa da sunan matuƙinsa. Mai bincike da ya gyara 111617 zuwa 500453 ya sake wa jirgin layin da ya fito, tare da mutanen da suka tsaya a layin.

Shi dai 500453, an sake gina masa injinan Jumo na asali da ƙarafa masu jure zafi waɗanda Jamus ta rasa a 1944. Paul Allen ya rasu a 2018. A 2019 aka tada injinan, jirgin ya yi tafiya da ƙarfin kansa a kan titin filin Everett, karo na farko tun shekarun 1940. A 2020 gidan tarihin ya rufe saboda annobar korona, a 2022 aka sayar da kayan gaba ɗaya ga Steuart Walton, jikan wanda ya kafa kantunan Walmart, aka sake buɗewa a 2023, jirgin na ciki da lambarsa ta gaskiya.